Mai Rabin Ɗigo na Bahar Maliya

Wan kakata ta wajen uwa ya bar Yawuri a ƙasa da niyyar aikin hajji tun mahaifiyata ba ta zo duniya ba, kuma bai sake komawa gida ba. Ya yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, ya tara guzuri, ya ƙetare zuwa Jidda ta Sawakin, ya sauke farali. Da ya dawo sai ya ya da zango a Bur Sudan, zangon ya zama mazauni har Allah Ya karɓi abinsa. 'Ya'yansa da jikokinsa suna can. A watan Janairun 2023, wata uku kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar, na cika alkawarin da na daɗe da yi wa mahaifiyata. Na ƙulle goro da daddawa da kuka da hotunan dangi, na kama hanya.

Daga Kano zuwa Kartum jirgin sama ne, babu wani labari. Labarin yana cikin motar da ta ɗauke mu daga Kartum tun kiran assalatu. Muka bi gefen kogin Nilu har Atbara, daga nan hanya ta karkata gabas ta faɗa wani fili da babu komai sai rairayi da baƙaƙen duwatsu da raƙuma jefi-jefi. Bayan Sinkat muka fara gangara tsakanin tsaunuka, kwana na bin kwana, kunnuwana suna toshewa suna buɗewa. Muna fitowa daga cikin tsaunukan, da la'asar sakaliya, na hango wani shuɗin layi a miƙe can inda ƙasa ta ƙare. Dattijon da ke kusa da ni ya nuna da haɓa, ya ce, "Al-bahar." Bahar Maliya ke nan, wadda tun muna makarantar allo muke jin sunanta a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna.

Kwana biyu na farko na gaishe-gaishe ne da koke-koken farin ciki da shan jabana, wato gahawar da ake dafawa da citta a ɗan tulun yumɓu. Hausar gidan Kawu, ɗan marigayin da na sauka a wajensa, tana nan da ƙarfinta, sai dai Larabci ya shiga jikinta kamar mai a tuwo. A cikin hira ne Kawu ya ji cewa ni jikan masunta ne, cewa kakana na wajen uba da taru da mali ya ciyar da gidansa, kuma kafin a sa ni firamare na riga na san kurungu da tsage da balli da yauni da minjirya. Sai ya buga cinya ya ce, "Ashe ɗan ruwa aka aiko mana. To gobe da sassafe sai Sigala."

Sigala ita ce kasuwar kifin garin, a bakin ruwa take. Na shige ta da ƙwarin gwiwar wanda ya tashi cikin ƙarnin kifi, amma ban ga fuska ɗaya da na sani ba. Kifin koginmu toka-toka ne ko ruwan azurfa ko baƙi. Waɗannan kuwa kamar an zubar da kayan mai rini: kore, rawaya, ja, shuɗi, wani ma duk a jikinsa shi kaɗai. Kawu ya ja ni wajen wani tebur da dillalai suka yi wa zobe, ya nuna mini wani ƙaton jan kifi mai ɗige-ɗigen shuɗi, tsawonsa ya kai hannuna daga kafaɗa zuwa yatsa. Ya ce wannan shi ne najil, sarkin kasuwa, mafi tsada, har Saudiyya ake fitar da shi cikin ƙanƙara.

Ni kuwa hankalina yana ƙarƙashin teburin, inda aka tara wasu ƙanana a cikin kwando. Ƙirarsu ta kama ni, domin ƙirar giwan ruwa ce sak: babban baki, haɓar ƙasa ta ɗan fi ta sama fitowa, jiki a murɗe, ƙayoyi a gadon baya. Dukkansu suna da ɗigo, amma idona yana gaya mini ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na tambayi mai kifin sunayensu, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kullu gushar." Wai duka gushar ne. Abin bai kwanta mini ba. A gidanmu ba a cewa tarwada da ramboshi abu ɗaya ne don kawai duk suna da gashin baki.

Ɗan Kawu na uku, wanda a lokacin yake karatun ilimin teku da kamun kifi a Jami'ar Bahar Maliya da ke garin, ya lura da ni. Ya ce, "Yaya, a kwando ba za ka gane su ba, launinsu ya fara mutuwa tare da su. Bari mu je gidansu."

Gidan nasu shi ne Sanganeb, kimanin kilomita 25 daga gaɓa. An mai da wurin gandun da aka killace a 1990, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tare da Dungunab da ke arewa da shi. Ba a su a cikinsa. Ƙanena ya yi ta zirga-zirgar takardun izini kwana biyu, Kawu kuma ya samo mana wani amininsa, tsohon masunci Bahaushe haifaffen garin, wanda kowa ke kira Rayyis, wato shugaban jirgi. Muka tashi bayan sallar asuba, kafin iskar arewa ta farka. Kusan awa biyu muna tafiya a kan ruwa mai shuɗin da ya kusa zama baƙi, sannan hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta ɓullo, tsaye ita kaɗai a tsakiyar teku ba ƙasa ba tsibiri. Da muka matso sai ruwan ya sauya farat ɗaya, daga baƙin shuɗi zuwa kore fayau, kamar an ja layi da wuƙa.

Ƙanena ya ba ni gilashin rufe ido da hanci, da bututun da ake cizawa a yi numfashi, ya nuna mini yadda ake yi. Iyo ba baƙona ba ne, a kogin Neja na koya, amma wannan ruwan daban yake. Ɗauke ni ya yi kamar gora. Babu wani kogi mai gudu dare da rana da ke zuba a Bahar Maliya, ga rana tana shan ruwanta shekara da shekaru, shi ya sa gishirinta ya kai wajen kashi 4 cikin 100, ya ɗara na manyan tekuna. Ga ɗan kogi, jin cewa akwai ruwa mai wannan girma da babu kogin da ke ciyar da shi abin jinjinawa ne.

Da na tsoma fuskata, abin da na fara faɗi a zuci shi ne tasbihi. A koginmu in ka nutse ba ka ganin tafin hannunka, da laluben hannu ake sanin ƙasan ruwa. A nan kuwa komai a fili yake kamar tsakar gida da hantsi. Ƙasana akwai wani gari: wasu gine-gine kamar faifai, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwaƙwalwa, wasu kamar kabeji. Wannan shi ne murjani. Mu a gida murjani abin wuyan amare ne, kuma wancan jan na tsakiya wani iri ne daban da aka fi samowa daga Bahar Rum. Na nan kuwa maginin duwatsu ne. Ƙananan halittu ne masu taushi, masu rai, suke fitar da farar ƙasa daga jikinsu su yi ɗaki, su mutu, na baya su ɗora nasu a kai, kamar yadda gara ke tayar da suri. Haka aka yi ta ɗorawa har aka samu wannan zoben da ya taso daga zurfin da ya kai mita 800. Na je bakin gangaren na leƙa. Bango ne a tsaye ya yi ƙasa har ido ya gaza, ƙananan kifaye ruwan lemo dubbai suna reto a jikinsa kamar tartsatsin maƙera. Na ja da baya.

Gushar na farko bai wahalar da ni ba. Ja ne jawur, kamar barkonon da ya nuna, da ɗigon shuɗi mai haske tun daga leɓe har wutsiya, babu inda aka tsallake. Ya fito daga kogo ya tsaya yana kallona da ido ɗaya. Na ɗago na yi wa Rayyis ihu cewa na ga ɗan najil. Ya girgiza kai daga cikin jirgi ya ce, "Duba wutsiya, ɗana." Na koma na duba. Wutsiyar a kewaye take kamar bakin mafici, ta najil kuwa da na gani a Sigala gefenta a ɗan loɓe yake. Ƙanena ya ce wannan shi masana ke kira Cephalopholis miniata, ba ya wuce santimita 50, kuma ba zai taɓa girma ya zama najil ba.

Na biyu ma ya zo da sauƙi: baƙi-baƙi, ɗigonsa shuɗi kowanne da baƙin zobe kamar idon gashin ɗawisu, da wasu layuka masu haske a tsaye wajen bayansa. Shi ne argus.

Na ukun ne ya cinye mini yini. A ƙarƙashin wani faifan murjani na hango shi, can ƙasa kamar tsayin mutum uku. Ƙarami ne, bai fi taki ɗaya da 'yan yatsu ba, launinsa ruwan ƙasa mai duhu. Da na matsa sai ya shige. Na ga ɗigo, amma ban ga yadda suka zauna ba. Ƙanena ya nutsa ya leƙa ya dawo ya ce ƙila ɗan argus ne. Ni na ce a'a, jan nan ne dai, inuwa ce ta rufe shi. Gardama ta kaure a gefen jirgi, muna riƙe da igiya ruwa na ɗaga mu yana saukewa.

Ƙanena ya yarda cewa maganata tana da tushe, har ya nuna mini dalili. Ya ɗaura wani jan ƙyalle a igiya da ɗan ƙarfe, ya sake shi a hankali, ya ce in bi shi da ido. Yana sauka jan yana dushewa. Kafin ya kai ƙasa ya koma ruwan ƙasa, kamar tsohon jini. Ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Ashe jan kifi a gidansa ba ja ba ne, duhu ne, kuma wannan jan da ke ɗaukar idonmu a kasuwa shi ne rigar ɓuyansa. Ke nan launi kaɗai ba shaida ba ne.

Rayyis yana jinmu bai ce uffan ba, yana ta fifita garwashin jabana. Sai da muka gaji ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Ku duka biyu kun yi gaggawa. Wannan ba ya son a bi shi. Ka kwanta a kan ruwa ka yi shiru kamar itace, zai fito da kansa. Kuma in ka ga ɗaya ka nemi na biyun, ba sa nisa da juna."

Na koma na kwanta. Rana tana dukan bayana, ina jin ƙarar numfashina a bututu da wani ƙas-ƙas da ke tashi daga murjanin, kamar ana soya gyaɗa a nesa. Na tuna kakana yana zaune a gindin kwalekwale awa da awanni bai motsa ba. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, sai ga kai ya leƙo. Ya fito rabi, ya koma, ya sake fitowa. Sannan ya taso a hankali zuwa kan wani dunƙulen murjani da ya fi kusa da ni, inda haske ke sauka sosai, ya tsaya cak ya wage baki. Wani siririn kifi mai baƙin layi da shuɗi ya zo ya shiga tsince masa jiki, har cikin baki, kamar yadda carki ke yi wa saniya. Kifin da abincinsa ƙananan kifaye ne, ga ƙarami a cikin bakinsa, bai haɗiye ba.

A nan na gan shi tsaf. Ɗigon suna nan, ƙanana, shuɗi, masu duhun gefe, sun cika kumatu da haɓa da ƙirji da ciki, har kan wutsiya. Amma da suka taso zuwa tsakiyar jiki sai suka yi ƙaranci, gadon bayansa kusan wayam. Kamar mai zanen ya fara daga ƙasa, ya kai rabi aka kira shi. Da ya buɗe fiffiken gefensa kuma, bakin fiffiken rawaya ne, ruwan ɗorawa. Jan nan ba shi da wannan, mai idon ɗawisu ma ba shi da shi. Ina cikin kallo sai ga na biyun ya ɓullo daga ɗaya gefen dutsen, kamar yadda tsohon ya faɗa.

Na hau jirgi ina haki na zayyana musu. Ƙanena ya ciro littafinsa daga leda ya yi ta buɗawa, sannan ya ɗora yatsa ya yi dariyar jin daɗi. Cephalopholis hemistiktos. Ya ce kalmar ta biyu daga Girkanci take, ma'anarta mai rabin ɗigo. Wani Bajamushe mai suna Eduard Rüppell ne ya fara rubuta bayaninsa a 1830. Iyakar girmansa santimita 35, kuma ba ko'ina ake samunsa ba: daga Bahar Maliya ne ya zagaya gaɓar Larabawa zuwa Tekun Fasha, har gaɓar Pakistan. Na ji wani sanyi a raina da na gane cewa abin da idona ya kama shi ne abin da idon wancan mutumin ya kama kusan shekara 200 da suka wuce, har ya sa shi a suna.

Littafin ya kuma gaskata Rayyis. Jan gushar da mai idon ɗawisu namiji ɗaya ne ke riƙe da mata da yawa a yankinsa, shi kuwa mai rabin ɗigo an san shi da zama biyu-biyu, suna tsare ɗan wurinsu tare. Ƙanena ya ƙara da wani abin da ya sa na yi shiru: yawancin dangin gushar mata suke fara rayuwa, sai daga baya wadda ta girma ta rikiɗe ta koma namiji. Rayyis ya ce shi dai ya daɗe da lura cewa manya-manyan da yake fedewa ba kasafai yake samun ƙwai a cikinsu ba. Bai taɓa riƙe littafin ba, amma kusan duk abin da aka karanto yana da shi a ka, da irin nasa kalmomin.

Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ƙanena ya ƙara masa nauyi a hanyar komawa. Ya ba ni labarin Peter Forsskål, ɗan ƙasar Suwidin da ya biyo ayarin masu bincike da Denmak ta turo a 1761. Ya tattara kifayen wannan teku, ya rasu a Yaman a 1763, sai a 1775 abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya buga rubuce-rubucensa. Shi ya sa wa jan gushar ɗin nan suna. Da yawa daga sunayen da ya rubuta kuma, irin su summana da tauvina da louti, daga bakin masuntan Larabawa ya ɗauke su, har yau su ake amfani da su a jami'o'in duniya. Sunan baƙon yana manne da kowane kifi, masuntan da suka nuna masa kuwa ba a san ko ɗaya ba. Ba na ƙyashin mutumin, ya yi aiki har ya bar ransa a hanya. Abin da ya dame ni namu ne. Tsofaffin masuntan Yawuri da Argungu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da sunayen kifaye da halayensu a ka, mu da muka yi boko ba mu zauna mun rubuta ba.

Washegari na koma Sigala ni kaɗai, na durƙusa gaban kwandon nan. Yanzu hannuna ya san abin da yake nema. Na ɗaga ƙayoyin baya da yatsa ina ƙirgawa, yadda ƙanena ya koya mini: 9 a dangin Cephalopholis, 11 a manyan gushar na dangin Epinephelus, najil kuwa ba ya wuce 8. Na ware jan a gefe, na ware mai idon ɗawisu. Can ƙasan kwandon na samu ɗaya ƙarami da ya koɗe, ɗigonsa sun kusa ɓacewa, amma rawayar bakin fiffiken tana nan. Ƙaya 9, wutsiya a kewaye, baya wayam. Mai kifin ya tsaya yana kallona, ya tambaye ni ko likitan kifi ne ni. Na ce masa jikan masunci ne. Ya ƙi karɓar kuɗina. Na zauna a kan wani benci na zana kifin a bayan takardar tikitin mota, kafin matar Kawu ta soya mana shi da daddare. Namansa fari ne tas, mai daɗi, ba yawan ƙaya.

Ana jibi zan tafi Kawu ya kai ni Sawakin, kimanin kilomita 60 kudu da garin, in ga inda mahaifinsa ya shiga jirgi. Tun da Turawan Ingila suka kafa Bur Sudan a 1905 tsohuwar tashar ta fara mutuwa, yanzu yawancin gidajen tsibirin sun zube. Na ɗauki wani ɓaraguzin bango na juya shi a hannu, sai na ga 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma. Murjani ne. Da shi aka gina garin. Alhazanmu da suka taka daga Sakkwato da Kano da Barno, wasu shekara da shekaru a hanya, a inuwar irin dutsen da ɗan kifin nan ke fakewa suka zauna jiran jirgi. Kawu ya ɗaga hannu muka yi wa mahaifinsa addu'a, da duk waɗanda suka zo nan ba su kai ba.

Da na dawo gida, bayan na isar wa mahaifiyata saƙonni, na kai wa Baffana zanen, ƙanen mahaifina, wanda har yanzu yake fita su in jiki ya yarda. Ya riƙe takardar nesa da ido ya daɗe yana dubawa. Ya sa farce ya ƙirga ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bakin na giwan ruwa ne, amma na giwan ruwa bayansa a tsage yake kusan gida biyu, na wannan a haɗe. Sannan ya ɗago ya ce, "To me ake sa masa a ƙugiya?"

A daren na kira Bur Sudan ta WhatsApp, ƙanena ya taka har gidan Rayyis ya miƙa masa waya, ni ma na miƙa wa Baffa. Na ji Rayyis yana cewa yankan sardin ake sawa, ɗan kifin da suke kamawa da birgi a bakin gaɓa kafin su fita. Baffa ya ce su nan da tana suke yi, ko ɗan kawara. Daga nan suka zarce zancen iska da wata da lokacin da kifi ke ƙin ci, kowa yana ce wa ɗan'uwansa Malam, har cajin wayata ya ƙare.